Shekarar da Muka Sake Kifa Ƙwarya

Akwai wata magana da na daɗe ina jin tana yawo a tsakaninku, ku 'ya'yana, har ta fara kaiwa kunnen jikoki. Wai Babanku ne ya hana ni waƙa, ni kuma na bijire masa na koma, wai kuma shi ya gaya wa Kawunku Sani baƙar magana har ya ɗauke ƙafa daga gidanmu. Ban san wanda ya ƙulla wannan zance ba. Babanku yana kwance a makwancinsa, ba shi da bakin kare kansa, ni kuwa da sauran numfashina. Don haka ku zauna in gaya muku yadda aka yi.

Tun kafin in yi aure ni mai kiɗan ƙwarya ce, kuma 'yar amshi. Mu uku ne: Yaya Asabe ita ce zabiya, mai bayar da waƙa, ni da Talatu muna kiɗa muna amsawa. Ba uwa ɗaya ta haife mu ba, girma ne ya sa muke ce mata Yaya. A gidanta na Zaitawa muke haɗuwa, shi ya sa gari ya sa mana suna 'Yan Ƙwaryar Zaitawa. Cikin mata muke wasa, wajen suna da kamu da wunin biki, kafin magariba kowa ta koma ɗakinta. Babanku ya san sana'ata ya aure ni. Shi da bakinsa ya ce ta kan katanga ya fara jin muryata, ranar da ya kai ɗinkin amarya wani gida, ya tsaya a zaure ya manta da abin da ya kai shi.

Abin da ya tsayar da mu waƙa ce guda ɗaya. A zamanin mulkin soja an yi wani lokaci da kananzir ya ɓace, mata su wuni a gidan mai da jarkoki a rana, wata ta dawo da ɗan abin da bai kai a kunna fitila ba, wata ta dawo hannu rabbana. A cikin layin nan Yaya Asabe ta ƙirƙiri waƙar, don ta ba mata dariya kawai:

Kananzir ya zama ango,
Sai da layi ake gaishe shi.
Masu kaki sun sha romo,
Mu hayaƙi ya cika mana ido.

Nan da nan ta kama gari. Duk gidan da muka shiga sai an ce a yi ta kananzir. Sai wata rana aka gayyace mu suna a gidan wani babban mutum a bayan ganuwa, muka yi ta kamar yadda muka saba, ba mu san matan su wa ke zaune a kan kujerun gaba ba. Ba a yi nisa ba wasu mutane suka zo da mota marar lamba, da rana tsaka, suka fito da Yaya Asabe daga gidanta hannunta da kumfar wanki. Ta yi makonni ba wanda ya san inda take. Da suka sako ta ta dawo a rame, ba ta ce wa kowa komai ba, ta kwashe kayanta ta koma gidan ƙanenta a Goron Dutse. Ni kuwa na wanke ƙorena na kiɗa na zuba gero a ciki. Akwai kaset ɗaya da Babanku ya taɓa ɗaukar wasanmu a wani suna, na ce masa ya ƙone shi, ya ce to. Ba wanda ya hana ni waƙa. Tsoro ne ya hana ni, kuma ya daɗe yana hana ni, shekaru.

Yanzu sai in gaya muku halin Babanku da kaset, don manyanku ne kawai suka riski abin sosai. Shagon ɗinkinsa na Gwammaja, wanda ke jikin zaurenmu, ba ya rabuwa da rediyo mai baki biyu, irin wadda ake sa kaset a ɗaya a kwafa a ɗaya. Kowane yanayi da kaset ɗin da yake haɗa masa. Na bazara waƙoƙi ne masu sanyi, garaya da kukuma, wai zafi ba ya son hayaniya. Na damina gangar noma ce da waƙoƙin gayya, don shi asalinsa ɗan ƙauye ne, in hadari ya haɗo sai ka ga yana leƙen sama kamar yana da gona. Na azumi kuwa bege ne zalla, ba kiɗa. Ba ya rubutu a jikinsu, zare yake ɗaurawa: ja na bazara, kore na damina, fari na azumi. Kuma ba son ransa kaɗai yake zubawa ba. Duk wanda ya kawo ɗinki, yana gwada shi yana tambayarsa, wace waƙa ka fi so a duniya? Mahauci ya faɗi tasa, malamin makaranta ya faɗi tasa, direba ya faɗi tasa. Sai ya bi ya nemo su, wata a rediyo, wata aro, ya jera. In kaset ya fito kowa ya zo ya ara, ya ji tasa ya kuma ji ta maƙwabcinsa. Ban taɓa ganin ya karɓi ko sisi a kai ba. Cewa yake yi in ka san waƙar mutum da wuya ka yi faɗa da shi.

Shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula, abin ya zo daidai da faɗuwar damina. Gari ya cika da murna, amma murna ce irin ta wanda ya tashi daga jinya, yana tafiya yana dafa bango. Wata safiya na shiga bas zan je kasuwar Kurmi sayen kayan miya. Direba ya tura kaset, aka yi waƙar noma, aka yi wata, sai na ji an buga ƙwarya. Tun kafin a buɗe baki na gane hannuna. Kowa ya san bugunsa. Sai ga muryar Yaya Asabe ta cika motar, ga tawa a bayanta tana amsawa. Fasinjoji suka ɗauki dariya, wata tsohuwa tana tafi, kwandasta yana buga jikin mota. Ni kuwa na ja mayafi na rufe fuska, gumi yana bin bayana. Ban kai kasuwa ba na ce a sauke ni. Da ƙafa na dawo gida.

Na tarar da Babanku a kan keke yana ɗinki. Ban ko yi sallama ba.

"Malam, ba ka ƙone shi ba?"

Ya ɗaga ƙafa daga keken, ya dube ni. "Ban iya ba, Rabi. Na kunna ashana har sau nawa. Muryarki ce a ciki."

"Shi ne ka zuba shi a na damina, ka raba wa duniya? So kake a zo a ɗauke ni a gaban 'ya'yana?"

Sai muka ji muryar Iya, kakarku, mahaifiyarsa, daga tsakar gida inda take tsince shinkafa.

"Ke Rabi, bar shi. Ni na sa shi. Ya tambaye ni waƙar da na fi so, ƙarya zan yi masa da furfurata? Na ce ta kananzir nake so, wadda surukata take amshi. Na gaji da gidan nan shiru kamar ana zaman makoki."

Babanku ya ce, a hankali, "Sojoji sun koma bariki, Rabi."

Na ce, "Barikin a wata duniya yake? Ba ga shi nan cikin Kano ba?"

Ya tashi daga kan keken. Ya so ya bi ya karɓo kaset ɗin daga hannun waɗanda suka ara, amma ina, an riga an kwafa, an kwafi kwafin. Yana wajen masu shayi, yana wajen masu faci, yana cikin motocin haya. Na yi kwanaki ba na cin abincin kirki. Duk motar da ta rage gudu a layinmu sai in kasa kunne. Babanku ma ya shiga damuwa, na ga ya daina kunna rediyo a shago, abin da ban taɓa gani ba.

Hadiza, ke kin isa tuna ranar. Ke kika shigo kika ce ga mota a ƙofar gida, ana sallama da Rabi mai ƙwarya. Sunan da na yi shekaru ba a kira ni da shi ba. Ban yi kuka ba. Na shiga ɗaki na ƙara zani a kan zani, don na ji an ce akwai sanyi a irin wuraren nan, na ɗauki carbina, na ce wa Iya ga yara nan amana. Iya ta miƙe da sandarta ta ce sai dai a tafi da mu biyu. Muka fito zaure a haka, tana gaba ina baya. Sai muka tarar da wata mata siririya da jaka a kafaɗa, tana ta fara'a. Ta ce sunanta Malama Saude, ita ke gabatar da shirin mata a gidan rediyo. Masu sauraro sun dame su da neman waƙar kananzir, ta yi ta cigiya har aka kwatanta mata shagon tela mai kaset. So take 'Yan Ƙwaryar Zaitawa su zo su yi wasa a zauren taro, a gaban mata, a ɗauka a watsa.

 Na zauna a ƙasa daɓas, na kama dariya, dariyar ta koma kuka, kukan ya koma dariya. Baiwar Allah ta tsaya tana kallona, ba ta san abin da ta yi ba. Iya ce ta ce mata, "'Yar nan, shigo ki sha ruwa. Mun ɗauka wasu baƙin ne."

Labari bai kwana ba ya kai kunnen Kawunku Sani. Ku sani shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya aurar da ni, kuma mutum ne mai karatu, mai tsayawa a kan abin da ya yarda da shi. Ya zo gidan da kansa, aka shimfiɗa masa buzu, ni da Babanku muka zauna a gabansa.

"Rabi, da kina yi a cikin gida tsakanin mata, na kau da kai. Rediyo kuwa ba ta da katanga. Kowane shago, kowace tasha, maza za su zauna suna jin muryar ƙanwata. In muryarki ta shiga rediyo da yardarki, ƙafata ta fita daga gidan nan."

Ya juya ga Babanku yana jiran ya goya masa baya. Abin da Babanku ya faɗa ke nan, ba ƙari ba ragi, ina zaune:

"Yaya, ni ban sa ta ba, ba kuma zan hana ta ba. Da sana'arta na gan ta."

Na ce a ba ni lokaci in yi tunani. A raina kuwa na ɗauka maganar ta mutu da kanta, don ba wasa sai da Yaya Asabe, kuma na san ba za ta yarda ba. Amma dole in kai mata saƙon. Ranar da zan tafi Babanku ya miƙo mini wani kaset, ya ce in ba ta. Ya ce ba waƙarmu a ciki ko ɗaya, waƙoƙin da ita take so ne, na tsofaffin zabiyoyi da waƙoƙin daɓe da na niƙa, waɗanda ya sha jin tana ambata lokacin da take zuwa gidanmu.

Na same ta a Goron Dutse bayan an ɗauke ruwa, tana zaune a bakin murhu tana tsame ɗanwake, sana'ar da ta koma ke nan. Ta tsufa fiye da shekarunta. Muka gaisa, na rasa ta inda zan fara. Ita ta fara.

"Na ji shi, Rabi. A rediyon maƙwabta. Na shiga bayi na yi amai."

Na gaya mata zancen Malama Saude. Ta daɗe tana juya ludayi a tukunya, sannan ta faɗi abin da ba ta taɓa gaya wa kowa ba.

"Kowa ya ɗauka dukana suka yi. Ba su taɓa ni ba, ko mari. Kujera suke ajiye mini a tsakiyar ɗaki, su ce Hajiya a yi mana ta kananzir. In na kai ƙarshe su ce a sake. Suna buga tebur, wai su ne 'yan amshi, suna dariya. Har muryata ta dushe, su ba ni ruwa, su ce a sake. Kullum haka. Tun daga nan in na buɗe baki zan yi waƙa, ɗakin nan nake gani."

Ban roƙe ta ba. Da wane baki? Na riƙe hannunta, ɗanwake yana ta tafasa. Da zan tafi na ajiye mata kaset ɗin a kan tabarma, na ce saƙon Malam ne.

Na riga na fitar da rai, har na aika wa Malama Saude cewa ta yi haƙuri. Sai wata rana da hantsi ina shara na ji sallama, muryar da ta yi shekaru ba ta shiga gidanmu ba. Yaya Asabe ce, da mayafinta na fita biki.

"Wa ya gaya wa mijinki waƙar da uwata take yi mini in tana niƙa?"

"Ke kika taɓa faɗa, Yaya. Shi ba ya mantuwa da irin wannan."

"Na kunna don kada a ce na raina kyauta. Ina kwaɓa gari sai na ji wata tana bin waƙar. Na waiga ba kowa. Ashe ni ce." Ta zauna a kan turmi. "Muryar tana nan, Rabi. Ban san ko za ta kai ba, amma tana nan. Ki aika a kira Talatu. Sai dai ta kananzir ba zan yi ba, kada wanda ya tambaye ni."

A nan na yanke shawara, a tsaye da tsintsiya a hannu. Matar nan ta taso daga inda ta taso ta zo ƙofata, ba zan ce mata yayana ya hana ba. Washegari na je gidan Kawunku da ƙafata na gaya masa, don kada ya ji a bakin wani. Ya saurare ni har na gama, ya ce Allah Ya shirye mu baki ɗaya. Kuma ya cika maganarsa. Bai gaba da ni ba: in na je gidansa yana amsa gaisuwata, yana cin tuwon sallar da nake aikawa, ku ma bai taɓa korarku ba. Amma bai sake taka zaurenmu ba har ya koma ga Allah. Ko ranar sunan auta a waje ya tsaya ya yi addu'a ya juya. Abin ya yi mini ciwo, har yau yana yi. Ban ce ya yi laifi ba, ban kuma ce na yi ba. Shi ne kuɗin da na biya, kuma ni na zaɓa.

Muka juye geron da ke cikin ƙorena, biyu sun tsage, muka sayo sababbi. Muka cika daro da ruwa muka kifa babbar a kai, irin wadda ke ba da amo mai zurfi. Talatu ta yi ƙiba, hannunta ya yi nauyi, ni kuma ina ta rigan waƙa. Iya tana gefe tana gyara mana, wai kiɗan namu kamar awaki sun hau kwano. Mun yi dariya a kwanakin nan fiye da yadda muka yi a shekarun da suka wuce gaba ɗaya.

Ranar wasa bayan azahar ce. Da muka isa na ga 'yan sanda biyu a bakin ƙofa, sai na ji Yaya Asabe ta damƙe hannuna har ya yi zafi. Malama Saude ta ce don cunkoso aka kawo su. Zauren ya cika maƙil da mata, wasu da goyo, wasu a tsaye a jikin taga. Muka kifa ƙore, muka fara. Baitin farko muryar Yaya Asabe ta yi rawa, na ce a raina shi ke nan. Na ƙara ƙarfin amshi don in rufa mata. A na biyu ta gyara zama. Kafin mu kai tsakiya ta dawo Asaben da na sani, tana jefa waƙa tana karkata kai, mata suna ta guɗa. Muka yi ta amarya, muka yi ta mai jego, muka yi ta damina. Muna shirin rufewa sai wata ta ɗaga murya daga baya:

"Kananzir!"

Sai zaure ya ɗauka. Yaya Asabe ta sunkuyar da kai, idonta a ƙasa. Na matsa na raɗa mata, "Yaya, mu tashi, mun gama." Ba ta motsa ba. Da matan suka ga ba mu fara ba sai suka fara da kansu, ba kiɗa, ba jagora, ɗaruruwan muryoyi, wasu ma ba su iya ta daidai ba. Na ga ta ɗago kai a hankali tana bin fuskokinsu da kallo, ɗaya bayan ɗaya, tsofaffi da 'yan mata, waɗanda suka sha layin nan tare da mu. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta taɓa ni da gwiwar hannu.

"Buga, Rabi."

Na buga. Ta karɓi waƙar daga bakinsu ta kai ta ƙarshe, hawaye yana zuba muryar ba ta karye ba. Da ta zo wajen rufewa sai ta ƙara abin da ba mu taɓa ji ba, nan take ta ƙirƙira:

Masu kaki mun yi sallama,
Farar hula, ku ma muna kallo.

Zauren kamar zai tsage. Na saci kallon ƙofa, na ga ɗaya daga cikin 'yan sandan ya dafe ciki yana dariya.

Ba wanda ya zo kama mu. Ran nan ba wanda ya zo, da aka watsa shirin ba wanda ya zo, har damina ta wuce ba wanda ya zo. Amma a yammacin nan ba mu san haka ba tukuna. Talatu ta wuce da mijinta, ni na raka Yaya Asabe Goron Dutse. Muka sauka daga mota muna tafe a hankali, kowace tana sauraron bayanta. La'asar ta yi sanyi, ƙasa tana ƙamshin ruwa. Mun kusa kwanar gidansu sai ta tsaya cak. Gabana ya faɗi, na ce, "Yaya, lafiya?"

Ta ɗaga hanci tana shinshina.

"Waina ake toyawa a can?"

"Ita ce."

"Rabi, yunwa nake ji. Irin yunwar da na manta da ita."

Muka zauna a kan bencin mai waina a bakin titi, manyan mata biyu da kayan biki, ƙore a gefenmu. Ta cinye tata, ta sa hannu a tawa, ta ce a ƙaro da miya da yawa. Tana lasar yatsa ta dube ni ta ce:

"Matar nan mai shuɗin mayafi da ta tare mu a ƙofa tana gayyatarmu wasa, sunan jikarta ran Asabar ta ce, ko Lahadi?"